Cuta Ba Macuci: Tsokaci Kan Ciwon da Jiki Ke Yaƙar Kansa

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ya yi nazarin kalmar "cuta" a harshen Hausa zai ga abin mamaki. Da ita muke kiran rashin lafiya, da ita kuma muke kiran zalunci. Mukan ce cuta ta kwantar da wane, mukan kuma ce wane ya cuce ni. Watau tun daga bakinmu mun riga mun haɗa ciwo da mugunta a tukunya ɗaya, saboda haka duk inda aka ambaci cuta sai hankali ya fara laluben macuci.

Wannan ya sa idan ciwo ya kama mutum a ƙasar Hausa tambaya biyu kan biyo baya. Ta farko ita ce, "Me ke damunsa?" Idan ya sha magani ya miƙe cikin mako guda, magana ta ƙare. Amma idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka shafe wata uku ana abu ɗaya, sai ka ji an fara rage murya a zaure da tsakar gida, tambaya ta koma, "Wa ya yi masa?" Tun kaka da kakanni Bahaushe ya kasa cututtuka kashi-kashi. Akwai ciwon da yake cewa daga Allah ne, akwai na iska, akwai kuma wanda yake cewa da hannu a ciki, kamar sammu da jifa da kamun maye. Da ilmin zamani ya zo bai raba mu da neman abokin gaba ba, suna kawai ya sake masa. Aka ce sauro ke kawo maleriya, gurɓataccen ruwa ke kawo kwalara, ƙwayar cuta ke kawo tarin fuka. A kowanne dai akwai baƙon da ya shigo daga waje.

To, amma akwai wani jinsin cututtuka, sun haura tamanin, waɗanda babu baƙon da za a nuna a cikinsu. Jikin mutum ne da kansa yake juyowa ya auka wa kansa. Tambayar da wannan maƙala ke son dubawa ita ce: shin dole ne kowace cuta ta kasance da mai laifi? In kuwa babu, wane haƙƙi ne ya rage a wuyanmu game da mai fama da ita?

Yadda Jiki Ke Gane Nasa

Kafin mu shiga hukunci, ya kamata mai karatu ya san abin da ake shari'a a kai. A cikin jinin kowannenmu akwai fararen ƙwayoyi waɗanda ɓargo ke samarwa, aikinsu tsaron jiki. Su da makamansu ake kira garkuwar jiki. Babban aikinsu, kafin ma a zo maganar faɗa, shi ne ganewa: wannan namu ne, wancan baƙo ne. Dogarin da bai iya bambance ɗan sarki da ɓarawo ba ai ya fi ɓarawon haɗari.

Masana sun daɗe suna ganin jiki ba zai taɓa yin wannan kuskure ba. A wajen shekarar 1901 wani Bajamushe mai suna Paul Ehrlich ya yi gwaji da awaki. Ya ga cewa idan aka zuba wa akuya jinin wata akuyar, jikinta kan haɗa makamin yaƙar baƙon jinin, amma ba ta yin haka ga jinin kanta. Daga nan ya ce jiki na da wata kariya da ke hana shi sa wa kansa guba. Fiye da shekara hamsin yawancin likitoci suna fahimtar maganarsa da cewa abin ba ya yiwuwa sam. Sai a 1956 Noel Rose da Ernst Witebsky, a garin Baffalo na Amurka, suka nuna cewa ana iya sa garkuwar zomo ta auka wa ƙullin maƙogwaronsa, watau tayirod. A wannan shekarar ce kuma Ivan Roitt da Deborah Doniach a Landan suka gano irin wannan makami a jinin mutane masu wani ciwon tayirod, wanda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana tun 1912.

Bayan haka aka gane cewa jiki na da makarantar horar da dogaransa. Wata 'yar tsoka ce a bayan ƙashin ƙirji ana kiranta taimus, wadda Jacques Miller ya gano amfaninta a 1961. A nan ake gwada wasu daga cikin fararen ƙwayoyin, duk wadda aka ga tana zabura a kan naman jiki sai a hallaka ta. Amma tankaɗe komai kyansa ba ya rasa tsaki, wasu sukan kuɓuce. Saboda haka akwai wata rundunar ta daban mai tsawata wa 'yan'uwanta, wadda Shimon Sakaguchi ya bayyana a 1995. A kan wannan fanni ne aka ba shi kyautar Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

Idan wannan tsari ya sami tangarɗa, cutar da za ta fito ta danganta da inda aka kai harin. In ƙwayoyin da ke samar da insulin aka lalata, sai yaro ya kamu da ciwon sukari nau'i na ɗaya, ya dinga rama da ƙishirwa da yawan fitsari. In gaɓɓai ne, sai amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsun hannu biyu, mutum ya wayi gari hannuwansa a sandare, a kwana a tashi yatsun su karkace. In ƙwayoyin da ke ba fata launi ne, sai bitiligo, fararen tabbai su fito a fuska da hannu. Akwai kuma lufus, wadda ba ta zaɓe: fata, gaɓɓai, ƙoda, jini, har ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda ya duba bayanan mutum miliyan 22 a Birtaniya, ya sami kusan mutum ɗaya cikin goma da ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtuka guda 19, kuma mata sun fi maza nesa. A lufus kuwa, cikin goma tara mata ne, galibi masu shekarun haihuwa.

Me ke jawo su? Gado na da hannu, domin sukan yi yawa a wasu dangi. Sai kuma wani abu daga muhalli ya tayar da abin da ke kwance, kamar wata ƙwayar cuta da ta zo ta wuce, ko hayaƙin taba, ko zafin rana ga mai lufus. Amma ba a ɗaukarsu ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko auratayya.

Tazarar da Zato Ke Tsirowa

Babbar masifar waɗannan cututtuka ita ce wuyar ganewa. Mu ɗauki lufus. Mace za ta fara da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai da gajiya. A ƙasarmu me za a ce? Maleriya. Ta sha magani, abin ya lafa, ya dawo, a ce taifot. Gashi ya fara zuba, baki ya yi gyambo, wani lokaci ƙuraje su fito a kumatu da karan hanci da siffar malam-buɗe-littafi, wanda kuma a baƙar fata ba kullum yake fitowa sarai ba. Tana ramewa, sai a fara zargin tarin fuka ko ƙanjamau. Kafin a yi tunanin auna ƙodarta, ta yiwu ƙafafu sun kumbura.

Ba sakacin likita ne kaɗai ke jawo wannan ba. Babu awo guda ɗaya da zai yanke hukunci. Awon jinin da ake fara yi yakan nuna alama har a jikin wasu masu ƙoshin lafiya, don haka sai an haɗa shi da labarin mara lafiya, da abin da ido ya gani, da awon fitsari, wani lokaci har da yankar ɗan naman ƙoda. Daɗin daɗawa, an daɗe ana zaton cututtukan ba su da yawa a Afirka. A 1968 likita Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan kafin ya koma Zariya, ya wallafa cewa ba kasafai ake ganinsu a asibitin koyarwa na Ibadan ba, har ya kawo hasashen ko maleriya da sauran cututtukan da muke fama da su ne ke rage su. Daga baya, da likitocin gaɓɓai suka ƙaru, rahotanni daga Legas da wasu garuruwa sun nuna cewa lufus da amosanin gaɓɓai suna nan tare da mu. Abin da ba a nema ba, da wuya a gan shi.

To, a cikin wannan tazara, tsakanin ranar da ciwo ya fara da ranar da ya sami suna, a nan zato ke tsirowa. Kuma halin cutar kansa yana yi wa zato ban-ruwa, domin takan taso ta kwanta. Idan ta taso bayan an yi cacar baki da kishiya, sai a ce ga shaida. Idan ta lafa don kanta bayan an yi turare an binne laya, sai a ce ga magani ya ci. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, amma wa zai tsaya ya yi wannan lissafi alhali 'yarsa na kwance?

Mutum Uku a Gaban Alƙali

Idan muka lura, waɗanda akan gurfanar a irin wannan hali uku ne.

Na farko shi ne wani daga waje: kishiya, ko uwar miji, ko maƙwabcin da aka yi rigimar iyakar gona da shi, ko wata tsohuwa marar gata da za a ce mayya ce. Bai kamata mu yi wa masu wannan zargi dariya ba, domin akwai abin da yake biya musu. Ciwon da ba shi da dalili ya fi ciwon da ke da maƙiyi ban tsoro. Idan akwai maƙiyi, akwai abin yi: a karya sammu, a rama, a ƙaura. Idan babu, sai mutum ya ga kamar an ɗaure masa hannu. Amma wannan sauƙin zuciya da wuyan wani ake sayensa. Zumuncin shekara talatin kan mutu, a raba 'yan uba, a tozarta tsohuwa a bainar jama'a, kuma duk wannan bai rage kumburin gaɓa ko ɗaya ba. Ga kuma asara ta biyu: kuɗi da watannin da aka ɓatar wajen farautar wanda bai yi komai ba, su ne ƙoda ke bukata kafin ta lalace. Ba banza ba aka ce zato zunubi.

Na biyu shi ne mara lafiyar kansa. Wannan ya fi na farko ɓoyuwa, ya kuma fi shi ciwo. Gajiyar mai lufus ba ta da jini ba ta da ƙari, ido ba ya ganinta. Jiya an gan ta tana daka, yau ta ce ba ta iya ɗaga tulu, sai a ce son jiki ne, ko langaɓe don miji ya ji tausayi. Akwai wata cutar garkuwa da ke sa jini daskarewa, wadda likita Graham Hughes ya bayyana a Landan a 1983, tana sa mace ta yi ta ɓari a kai a kai. Sau nawa irin wannan mace aka ce ba ta da ƙashin arziki, ko ita ke zubarwa da gangan, alhali da asfirin da allurar hefarin a ƙarƙashin kulawar likita da yawansu kan haihu lafiya? Mai bitiligo kuma a ce kuturta ce, a ware masa kwano, a fasa ba shi aure. Wannan hali bai tsaya a kanmu ba. Shekara da shekaru duniya na zargin mawaƙin Amurka Michael Jackson da cewa ƙin baƙar fatarsa ne kawai ya sa ya koma fari, sai da ya mutu a 2009 binciken gawarsa ya tabbatar da abin da ya faɗa da bakinsa, cewa yana da bitiligo.

Na uku shi ne jiki. Wanda ya yi karatu ya san babu sammu, ya san ba lalaci ba ne, to, sai ya juya ya ce jikina ya ci amanata. Wannan ma ɗora laifi ne, kuma yana da nasa dafin, domin wanda ya ɗauki jikinsa maƙiyi ba shi da inda zai gudu. Marubuciya Ba'amurkiya Susan Sontag, a wani littafi da ta fitar a 1978 bayan ta yi fama da ciwon daji, ta yi gargaɗi cewa kwatance-kwatancen da muke yi wa cuta, har da na yaƙi, sukan koma su zama kaya a kan mara lafiya. Kwatancen dogari da muka yi a baya yana da amfani wajen fahimta, amma yana da iyaka. Dogari na da zuciya, yana iya ƙulla makirci. Ƙwayar jini ba ta da wannan.

Dalili Daban, Laifi Daban

A nawa ra'ayi, a nan ne bakin zaren yake. Mun saba gwama abu biyu da ya kamata a raba, watau dalili da laifi. Kowane abu da ya faru yana da dalili, kuma neman dalili aikin hankali ne, da shi aka kai ga duk wani magani da muke sha. Laifi kuwa yana da sharuɗɗa. Ko a gaban alƙali ba a kama mutum sai an tabbatar ya san abin da yake yi, yana da ikon bari, sannan ya yi da nufi ko ya yi sakaci. Ruwan sama kan rushe gida, shi ne dalili, amma ba wanda ya taɓa kai ƙarar girgije.

Idan muka auna mutum ukun nan da wannan ma'auni, duk sun kuɓuta. Kishiya ba ta da iko a kan taimus ɗin abokiyar zamanta. Mara lafiya ba ta zaɓi abin da ta gada ba. Garkuwar jiki kuwa aikin da ta saba yi na tsaro shi take yi, sai dai ta ɓata ganewa. Masu iya magana sun ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Idan mutum ya ciji harshensa yana jin zafi na gaske, jini ma kan fita, amma ba ya cewa haƙori ya ƙulle shi a zuci, ba ya kuma zuwa wurin wanzami a cire masa shi.

Wani zai ce, to, ke nan babu mai laifi ko kaɗan, kowa ya kama gabansa? A'a. Wannan ƙalubale ne mai ƙarfi, kuma yana da amsa. Dubi ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro a yara. Wata ƙwayar cuta ce ke kama maƙogwaro, garkuwa ta tashi yaƙarta, sai ta rikita ta da ƙofofin zuciya saboda kamannin da ke tsakaninsu, ta lalata su. Fenisilin mai araha, in an ba da shi a kan lokaci, yana hana wannan. Ƙasashe masu arziki sun kusa mantawa da cutar, amma har yanzu tana kashe matasa a Afirka. Haka nan insulin: tun watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro allurarsa a Toronto ta Kanada, ya rayu. Yaron da ya mutu bayan shekara ɗari da wannan saboda iyayensa ba su da kuɗin allura, ko don babu wurin sanyaya ta, ba za a ce garkuwar jikinsa ce kaɗai ta kashe shi ba.

Ashe laifi yana nan, wuri kawai muka ɓata. Muna nemansa a farkon cuta inda babu shi, muna kau da kai daga abin da ke biyo baya inda yake jibge. Maimakon "wa ya jefe ta?" tambayar da ta dace ita ce "wa ya bar ta?" Mai sayar da jabun magani, da mai karɓar kuɗin talaka da alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai, da hukumar da ta bar asibiti ba kayan awo, da mijin da ya miƙa takardar saki don matarsa ta daina moruwa, duk waɗannan sun sani, suna da iko, sun kuma zaɓa. Su ne macuta na gaskiya, ko da yake ba su suka kawo cutar ba.

Maganin da Ba Ya Kisa

Yadda ake maganin waɗannan cututtuka shi ma abin lura ne. Idan maleriya ce, burin likita ya kashe ƙwayar cutar kakaf. A nan kuwa ba zai yiwu a kashe garkuwar jiki ba, domin wanda ba shi da ita ƙaramar cuta ma kan kai shi kushewa. Abin da ake yi shi ne a sassauta mata, daidai gwargwado.

A watan Satumba na 1948 likita Philip Hench, a asibitin Mayo na Amurka, ya yi wa wata mata da amosanin gaɓɓai ya kwantar allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Duniya ta ɗauka an sami waraka, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950 shi da wasu masana biyu. Ba a daɗe ba aka gane cewa in an daina maganin ciwon na dawowa, in kuma an daɗe ana sha da yawa fuska kan kumbura, ƙashi ya yi rauni, sukari da hawan jini su biyo baya. Har yau ana amfani da danginsa irin su firednisolon, suna ceton rai, amma da awo, kuma wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya yanke rana ɗaya ba sai a hankali bisa umarnin likita. Akwai haidroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani, wanda ya zama ginshiƙin maganin lufus, amma sai ana duba idon mai shansa lokaci-lokaci. Akwai metotireksat na amosanin gaɓɓai, wanda sau ɗaya ake sha a mako, kuma mai ciki ba ta shansa. Daga 1998 aka fara samun sababbin allurai masu toshe hanya guda ta kumburi, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu, kuma dole a tabbatar mutum ba shi da tarin fuka a ɓoye kafin a ba shi, don kada a sassauta wa mai gadi alhali ɓarawo na cikin gida.

Amfanin wannan lallami a bayyane yake. A shekarun 1950 kusan rabin masu lufus ba su kai shekara biyar bayan an gano cutar. Yanzu, a inda ake samun kulawa, fiye da tara cikin goma suna wuce shekara goma. Amma a nan akwai wata jarrabawa ta gaskiya da amana. Likitan kirki zai ce, "Wannan ciwo ana shawo kansa, amma shan magani na dogon lokaci ne, ta yiwu har iyakar rai." Mai tallar magani a bakin kasuwa zai ce, "Kwalba uku ka rabu da shi." Kunne ya fi son na biyu. Mutane da yawa sun jefar da maganinsu ranar da suka ji sauƙi, suka dawo asibiti da ƙodar da ba ta gyaruwa. Wanda ya gaya maka gaskiya mai ɗaci ya fi ƙaunarka da wanda ya sayar maka da zaƙin ƙarya.

Zama da Ciwo

Saura tambaya ta ƙarshe: yaya mutum zai rayu da abin da ba ya tafiya? Amsar da ke bakin kowane Bahaushe ita ce haƙuri, kuma akan kawo misali da Annabi Ayuba. Wannan gaskiya ne, amma haƙuri iri biyu ne. Akwai wanda mara lafiya ke yi: shan ƙwaya kullum ba fashi, zuwa awo ko da jiki da sauƙi, guje wa tsakar rana, sanin ranar da za a yi aiki da ranar da za a kwanta. Wannan haƙuri aiki ne, kuma jarunta ce. Akwai kuma wanda masu lafiya ke jifan mara lafiya da shi don ya yi shiru su huta. "Ki yi haƙuri" a bakin wanda ya ƙi kai ta asibiti ba nasiha ba ce, rufe baki ne. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana neman magani ba.

Al'adarmu ta kunya da dauriya, duk da kyanta, tana iya zama tarko a nan. An horar da 'ya mace kada ta yi raki, ko a wajen haihuwa. To, ciwon da babu mai ganinsa sai mai shi, idan mai shi ya yi shiru, wa zai faɗa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haƙƙin farko da mai irin wannan ciwo ke da shi a kanmu shi ne mu gaskata shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ɗaliba ta ce yau yatsunta ba sa riƙe alƙalami, bai kamata sai ta kawo shaidu ba kafin abokan karatunta su ara mata littafinsu. Ta yiwu wani ya fake da ciwo ya yi ƙarya, amma asarar da ke cikin gaskata maƙaryaci ɗaya ba ta kai ta ƙaryata masu gaskiya goma ba.

Kuma kada mu ɗauka rayuwa ta ƙare ranar da aka ba ciwo suna. Mai zanen Faransa Renoir ya yi fama da amosanin gaɓɓai har yatsunsa suka nannaɗe, sai an sa masa burushi a hannu, amma bai daina zane ba har ya mutu a 1919. Ba a kawo shi don a ce kowa sai ya yi abin da ya yi ba, domin wannan ma wani ɗora kaya ne. An kawo shi don a nuna cewa cuta ba mutuwa ba ce, kuma a lura cewa akwai hannun da ke sa masa burushin.

Kammalawa

Mun ga cewa akwai cututtukan da suke fitowa daga kuskuren garkuwar jiki, masu dalili amma ba su da mai laifi. Mun ga cewa jinkirin ganewa ke buɗe ƙofar zato, zato kuma kan faɗa kan bare, ko kan mara lafiya, ko kan jikinsa, alhali ba ɗayansu da ya cika sharaɗin laifi. Mun kuma ga cewa laifi na haƙiƙa yana cikin abin da mutane ke yi, ko suke ƙin yi, bayan ciwo ya zo.

Mu ɗaliban Hausa muna da namu rabon aikin. Yawancin waɗannan cututtuka ba su da tsayayyen suna a harshenmu, abin da ba shi da suna kuwa kowa na iya laƙaba masa wanda ya ga dama, ko sammu ko son jiki. Idan muka haɗa kai da 'yan'uwanmu ɗaliban likitanci muka samar da sunaye da bayanin da tsohuwa a ƙauye za ta gane, wata kishiya za ta tsira daga ƙazafi, wata yarinya kuma za ta isa asibiti da ƙodarta lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya tsare mu da zama macuta a kansu, amin.